Dan Allah Edita ku leƙa Dankasari

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki kai da abokan aikinka. Ƙorafi ne dani, duk sanda kuka ɗauko tarihi a shafinku to Kano ce ko Katsina ko Sakkwato ko Damagaram, kamar su ƙananan wurare basu da abin faɗa, shiyasa nace bari in kawo muku guda ɗaya ku gani.

Dankasari ƙaramar hukuma ce ta karkara, wadda a Nijar suke cewa komun, tana gundumar Dogon Dutsi cikin jihar Doso, bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni. Da yawanmu munsha wucewa ta nan a mota bamu ko ɗaga kai ba. Ni ranar da motarmu ta tsaya can na sauko ina miƙe ƙafa, abinda ya fara ɗaukar min ido tsaunukan nan ne jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke da wuƙa, ƙasansu kuma rairayi da gonakin gero da wake, ga mata a bakin rijiya igiya sai tafiya take taƙi ƙarewa saboda zurfi. Yankin yana gabas da Dallol Mawri, tsohon kwarin kogin da ya ƙafe tun zamanin da, damina kuma gajera ce, Yuni zuwa Satumba ta tattara.

Komun ɗin kanta ta jiya-jiya ce, dokar 2002 ce ta yanka ta, aka yi zaɓen farko a 2004. Amma a cikinta ne fa ƙauyen Lugu yake, garin Sarauniya, wato macen da ke shugabantar mutanen wurin, kuma anan ne maganar take. Tarihin baka na mutanen wurin yana cewa Sarauniyar farko daga Daura ta taso, dutsen da suke kira Tunguma shine ya nuna mata inda zata zauna. Gubawa, wato mutanen Sarauniya, sune masu ƙasa, daga baya Arawa suka zo, masu danganta kansu da wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari, sukayi sarauta a Matankari.

To a 1899 sojan Faransa ƙarƙashin Kyaftin Bule da Shanwan suka taso daga bakin Kwara zasu tafkin Chadi, suna tafe suna ƙone garuruwa suna kashe mutane suna kwashe hatsi da dabbobi, wallahi abin ba daɗin ji. Wasu garuruwan suka watse tun kafin su iso, amma Sarauniya Mangu da mutanenta suka tsaya, a watan Afrilu aka gwabza a Lugu, kibiya da bindiga, kuma kaga inda yanayin ƙasa yayi aiki, duwatsu ne da sarƙaƙiyar ƙaya wanda baƙo bazai iya kutsawa ba, nan mutanen suka shige suna harbi har saida suka kashe wa Bule sojoji. An ƙone garin, amma Sarauniya bata shiga hannu ba. A watan Mayu rundunar tayi kisan gilla a Birnin Ƙonni, zuwa Yuli kuma sojojinsu da kansu suka harbe Bule da Shanwan a wajen Maijirgi kusa da Tasawa.

Nasan wani zaice ai mutanen Lugu azna ne, me ya haɗamu. Ni musulmi ne kuma ban ce a bi addininsu ba, amma Hausa suke yi, kuma wutar da ta ci Lugu ita ta ci Ƙonni bata tambayi addinin kowa ba.

Roƙona ku tura wakilinku da rakoda da kyamara ya kwana biyu a Dankasari, ya samu mai babur ya kaishi Lugu ya zauna da tsofaffi tun suna raye, ya ɗauko mana sunayen duwatsun da rijiyoyin yadda su suke faɗarsu. In kun buga ni zan sayi kofi goma in raba wa ɗalibai.

Naku mai karatu kullum.