An cire wa babban ɗana ɗan maraina, ƙanensa ma ya fara kukan irin ciwon, ko in yarda a yi masa tiyata?

Assalamu alaikum, Likita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga Mabera a cikin birnin Sakkwato, kan wata matsala da ta shigo gidana tun hunturun bara, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Babban ɗana shekararsa 15. Wani dare da ake tsananin sanyi, wajen ƙarfe 2, ciwo ya tashe shi daga barci a ɗan marainansa na hagu, amma da mahaifiyarsa ta ji nishinsa ta tambaye shi, sai ya ce mararsa ce ke murɗawa, domin ba wurin da yaro zai iya ambata wa uwarsa ba ne. Kafin asuba ya yi amai sau biyu. Da gari ya waye na kai shi kemis, aka ce sanyi ne ya kama shi, aka yi masa allurar kashe zafi, aka haɗo mu da ƙwayoyi. Ni kaina ban duba shi ba, ban kuma matsa masa da tambaya ba, saboda ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira. Sai washegari da la'asar, da tafiya ta gagare shi, baffansa ya ja shi ɗaki, ya tarar wurin ya kumbura ya yi ja, na hagun kuma ya haye sama.

A asibiti likitan tiyata ya bayyana mana cewa kowane ɗan maraina yana rataye ne da wata igiya da jijiyoyin jini ke bi ta cikinta, kuma ita ce ta murɗe kamar yadda ake murɗe tsumma a matse ruwa, har jini ya daina isa wurin. Ya ce idan aka warware ta cikin awa 6 da fara ciwon, galibi ana ceto shi, amma idan aka wuce kwana ɗaya da wuya a same shi da rai. Mu kuwa mun haura awa 36. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sauƙin da muka gani bayan allurar nan, har muna hamdala, ba sauƙi ba ne, ɓoye mana ciwon kawai ta yi alhali wurin yana mutuwa. An cire na hagun, aka ɗinke na daman a jikin jakar marainan don kada shi ma ya murɗe. Likitan ya ƙara da cewa abin ya fi samun samari 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma akwai waɗanda ake haifa ba tare da 'ya'yan marainansu sun manne da jakar daga ciki ba, yawanci ta ɓangarorin biyu, wani lokaci ma ana gadonsa a dangi.

Wannan magana ta gado ce ta hana ni barci yanzu. Ƙanensa mai shekara 13 sau biyu ke nan cikin wata biyu irin ciwon na taso masa farat ɗaya, ya yi ƙasa da awa guda, sannan ya ɓace kamar ba a yi ba. Shi bai ɓoye ba, tunda ya ga abin da ya samu wansa. Na kai shi aka ɗauki hoto ba a ga komai ba, domin ciwon ya riga ya lafa, amma likita ya ce mai yiwuwa igiyar na murɗewa tana warware kanta ne, ya kuma ba da shawarar a yi masa aiki a ɗinke duka biyun tun kafin ta murɗe ta ƙi dawowa. Mahaifiyarsa da mahaifiyata sun ce atafau ba a sa wa lafiyayyen yaro wuƙa, suna kuma tsoron kada ɗinkin ya taɓa masa haihuwa. Ban raina tsoronsu ba, sai dai yaron a makarantar kwana yake a wajen gari, kuma na san idan abin ya taso masa da tsakar dare, awa 6 za ta ƙare kafin ma labari ya iso mini.

Likita, shin hoton da bai nuna komai ba ya isa hujjar a dakata, ko kuwa in amince da aikin? Wane haɗari ke tattare da ɗinkin ga haihuwarsa nan gaba, kuma da wane irin bayani zan shawo kan mahaifiyata ba tare da na saɓa mata ba?

Shi kuma babban, ko da yake an tabbatar mana cewa guda ɗaya lafiyayye ya isa namiji ya balaga ya kuma haihu, ya daina fita ƙwallo, ya rage shiga cikin abokansa, ni kuma har yau ban san ta inda zan ɓullo masa da zancen ba. Shin akwai gwajin da ya kamata a yi masa idan ya girma, wanda zai kwantar masa da hankali kafin maganar aure ta taso?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Wani mahaifi,
Mabera, Sakkwato.