Wasiƙa zuwa Kumasi a kan shafin hulunanka

Kano, daren Laraba

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Na leƙa gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na tarar da Baba a zaure da rediyonsa. Ƙafar ta yi sauƙi sosai, har yana takawa zuwa bakin titi. Ya ce in gaya maka goron da ka aiko ya iso, amma goro ba zai tsaya a madadin ganin fuskarka ba. Na dai isar da saƙo.

Saƙonka na murya kuwa, mai minti bakwai, sau biyu na saurare shi. Na ga gara in zauna in rubuto maka, domin in muka hau waya sabis zai yi ta yankewa, mu kuma ɓige da hirar 'yan ajinmu. Abin da na fahimta shi ne: wata takwas ke nan da aka buɗe maka shafin intanet na huluna, kuɗi sun fita, amma ko kai da kanka in ka nemi hula a Google ba ka ganin shagonka. Yanzu kuma wani yaro ya zo ya ce ka ba shi kuɗi, cikin mako biyu zai ɗora ka a sahun farko.

Kada ka ba shi ko pesewa ɗaya.

Kamfanin Google da kansa ya rubuta a cikin jagorarsa cewa babu wanda zai iya yi wa mutum alkawarin matsayi na ɗaya, ya kuma ce a yi hattara da masu yin wannan alkawari. Yaron nan ɗayan biyu zai yi. Ko dai ya saya maka talla, sunanka ya fito a can sama da 'yar alamar da ke nuna an biya kuɗi, ran da kuɗin suka ƙare ka ɓace kamar ba a yi ka ba. Ko kuma ya je ya sayo maka ɗaruruwan mahaɗai (rubutun nan da in an danna shi yake kai mutum wani shafi) daga shafukan bola, wato shafukan da ba mai karanta su, an buɗe su ne kawai don su riƙa nuni zuwa ga wanda ya biya. Na biyun ne ya fi ba ni tsoro, kuma bari in gaya maka dalili.

Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, suna ɗaliban jami'ar Stanford a Amurka, dabarar da ta bambanta su da sauran injinan bincike ita ce ƙirga mahaɗai. Duk shafin da ya sa mahaɗi zuwa naka, kamar ya yi maka shaida ne. Kuma shaidu ba ɗaya ba ne. Ka tuna yadda ake yi a Kurmi: baƙo ya shigo yana neman damanga ta gaske, in dattijon da kowa ya sani ya ce masa "je ka wurin wane", maganarsa ta fi ta 'yan kamasho goma da ke jan rigar baƙon. Wannan tsari suka sa wa suna PageRank. To, da mutane suka gane haka sai suka shiga sayen shaidun zur. An daɗe ana cin kasuwar, har Google ya fito da wani gyara a 2012 mai suna Penguin, wanda aka yi musamman don irin wannan maguɗi, shafuka da yawa suka wayi gari sun rikito. Tun kafin nan ma manya sun sha. A 2006 an cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga Google na ɗan lokaci saboda ɓoyayyun shafuka da aka cusa wa kalmomi. A 2011 jaridar New York Times ta tona yadda babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, yake fitowa na ɗaya a kan kaya iri-iri ta hanyar mahaɗan da aka sayo, ba a jima ba ya koma can ƙasa. Wanda bai ƙyale BMW ba, mai huluna a unguwar Aboabo ta Kumasi zai ƙyale?

Yanzu ga abin da na gani da idona. Jiya da daddare ina wurin mai shayinmu na kan kwana, na buɗe shafinka a wayata. Na ajiye wayar a kan benci, aka haɗa mini shayi, aka yanka burodi, na kurɓa sau biyu, hoton farko bai gama saukowa ba. Da na koma gida na duba a kwamfuta, ashe hoton nan kaɗai ya haura megabait 6. Yadda aka ɗauke shi a kyamara haka aka ɗora shi, kuma akwai irinsa sama da ashirin a fuskar farko. Mutumin da ya sayi data ta sidi biyu ba zai tsaya jiranka ba, zai danna baya ya shiga na wani. Google ma da idon mai waya yake duba shafi, tun 2018 ya fara mayar da fuskar waya ita ce abin dogaro wajen tantance shafuka. Ma'aunin da suka sa shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Wannan gyara ne mai sauƙi: a rage girman hotunan, a mayar da su WebP, wani nau'in hoto marar nauyi, kowanne ya dawo kilobait 100 zuwa 200, ba kuma wanda zai ga bambanci a allon waya. Akwai PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, kyauta ne, ka sa adireshin shafinka ka gani da kanka.

Amma nauyin hoto ba shi ne babbar matsalarka ba. Babbar matsalar ita ce shafinka ba ya magana da harshen mai saye.

Ka san me aka rubuta a matsayin taken fuskarka ta farko, wato layin nan mai launin shuɗi da ke fitowa a sakamakon bincike? "Home". Shi ke nan. A ƙasa kuma an jera Turanci mai daɗin ji, wai ku ne jagaba wajen kayan ado na alfarma masu inganci. Don Allah wa ka taɓa ji ya shigo shagonka ya ce a ba shi kayan ado na alfarma? Cewa ake yi "akwai zanna bukar mai ruwan toka?" ko "kana da tangaran lamba 22 da rabi?" Abin da mutum ke faɗa a bakin shago, shi yake rubutawa a waya. Na bi shafin nan kaf, ban ga kalmar damanga ba, ban ga kube ba, ban ga dara ba, kai ko Kumasi ba a rubuta ba sai a can ƙasan shafin tuntuɓa. Hotunan suna da kyau, na yarda, amma sunayensu lambobin kyamara ne, kuma gurbin bayanin hoto duk a buɗe yake ba komai. Manhajar Google da ke yawo shafi-shafi tana karantawa, Googlebot, rubutu ne abincinta. Ta zo gidanka ta tarar da kwano a rufe, ba suna ba alama.

Ga aikin da nake so ka yi, kuma ba mai iya yi maka shi, ko ni. Ka ajiye ɗan littafi a kan kanta na mako biyu. Duk tambayar da kwastoma ya yi, a shago ko ta WhatsApp, ka rubuta ta yadda ya faɗe ta, da Hausa ce ko da Turanci, kada ka gyara masa. Na san a can akwai masu ce wa hula "kufi", akwai masu cewa "Hausa cap". In haka suke faɗa, haka za ka rubuta. Sannan ka buɗe Google ka fara rubuta sunan hula, ka lura da abin da yake ƙarasa maka kafin ka gama. Waɗannan kalmomi ne da mutane suka riga suka nema. Daga nan kowace irin hula ta samu shafinta ita kaɗai: sunanta da sunan gari a take, kada taken ya wuce haruffa 60 don kada a gutsure shi, sai bayanin inda aka ɗinka ta, ta hannu ce ko ta inji, lambobin da kake da su, kala, da farashi. I, farashi. Na san halinka, za ka ce 'yan layinku za su gani. Ai sun riga sun sani.

Sai kuma abin da ka fi kowa sani amma kake bayar da shi kyauta a baki kullum. Mutum nawa ne suka aiko maka da kuɗi daga Tamale ko Akra ba su san lambar kansu ba? Rubuta shafi guda a kan yadda ake auna kai da tef ɗin tela: a zagayo da shi ta saman gira da saman kunne, a karanta inci. Rubuta wani a kan wankin hula, yadda ake jiƙa ta, yadda ake goge ta da burushi ba tare da an tsinka zare ba, sitati, da ɗora ta a kan katako ta bushe ta miƙe. Rubuta yadda ake bambance ɗinkin hannu da na inji in an juya cikin hular. Kai da ka yi shekaru kana ɗaukar wa Kawu huluna zuwa wurin masu wanki, wa zai gaya maka? Irin waɗannan shafuka ne mutum ke tura wa ɗan'uwansa, su ne kuma wani mai rubutu a kan kayan gargajiya zai sa wa mahaɗi ba tare da ka roƙe shi ba. Shaida ta gaskiya ke nan. Da Hausa ma filin a buɗe yake, masu irin wannan rubutu ba su da yawa. Ka dai rubuta da kanka. Kada ka kwafo na wani, kada kuma ka cika shafi da "hula Kumasi, hula Kumasi" kamar mai tallan magani a tasha. Tun wani gyaran Google na 2011 mai suna Panda ake danne shafukan da ba su da nama. In yaronka ya ce zai cika maka wani ɓoyayyen gurbi da kalmomi, gaya masa tun 2009 Google ya sanar ba ya duba wannan gurbin.

Wani ɗan abu tunda na ambaci Hausa: a cikin rubutu ka sa haruffanmu masu lanƙwasa yadda ya kamata, amma a adireshin shafi ka bar su. In ka sa ɓ ko ƙ a adireshi, ran da wani ya kwafo shi zai tura sai ka ga ya rikiɗe ya koma alamomin kashi cikin ɗari da lambobi, kamar saƙon 'yan damfara. Haɓar kada a take, habar-kada a adireshi.

Kafin duk wannan, akwai abin da za mu fara dubawa, kuma kunyar da na sha ce ta koya mini. Shekarun baya na haɗa wa wata makaranta shafi da WordPress, manhajar gina shafukan intanet. A cikin saitinsa akwai wani ɗan akwati da ake dannawa lokacin da ake gini, yana roƙon injinan bincike kada su shigar da shafin. Na danna, na gama aiki, na karɓi kuɗina, na manta ban cire ba. Wata uku shugaban makarantar yana kirana, ni kuma ina ce masa ya ƙara haƙuri, haka abin yake. Ran da na gano, zufa ce ta keto mini a cikin sanyin Janairu. Na cire, na je har ofis na faɗi gaskiya. Saboda haka ka rubuta site: a Google, ka liƙa adireshin shafinka a jikinsa ba tazara, ka ga shafuka nawa za su fito. In ba komai, to ba maganar matsayi ake ba tukuna, ba a ma san da kai ba. Sannan a yi maka rajistar Search Console, manhajar Google ta masu shafuka, ita ma kyauta ce. A nan ake miƙa taswirar shafi, wato jerin adireshin duk shafukanka, a nan kuma za ka ga ainihin kalmomin da aka rubuta har aka gan ka, da sau nawa aka danna. Ka tabbata da adireshinka na imel aka buɗe ta, ba da na wanda ya gina maka shafin ba. Haka ma sunan shafin kansa, ka bincika da sunan wa aka saye shi. Na ga yadda irin wannan ke ƙarewa in an ɓata.

Makullin tsaro na HTTPS dai na ga kana da shi, wannan ba sai mun tsaya a kai ba.

Abin da nake ganin zai fi saurin kawo maka mutane ma ba a cikin shafin yake ba. Ka buɗe Google Business Profile, ka sa shagon a taswira, da lambar waya, da lokacin buɗewa da rufewa, da hoton ƙofar shagon yadda mai zuwa zai gane ta. Wanda ke tsaye a kasuwar Kejetia yana neman hula a wayarsa, taswira ce ke fara fito masa. Kwastomomin da suka saba da kai, ka roƙe su su rubuta ra'ayinsu a wurin. Na gaskiya fa, ba ka tara yaran shago su yi ta yabonka da wayoyi biyar ba.

Maganar lokaci kuma, kada in yi maka daɗin baki. Mutanen Google da kansu sun ce yawanci sai an ba irin wannan aiki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Kasuwarka ta goman ƙarshe na azumi ce da jajiberin Babbar Sallah, ka kuma san ba a fafe gora ranar tafiya. In muka fara a watan nan muna da sarari. Ka cire rai da fitowa na ɗaya a kan kalmar "hula" ita kaɗai, ba ta da ma wani amfani gare ka. Wanda ya rubuta "zanna bukar Kumasi" shi ne da kuɗi a aljihu, shi muke nema.

Ka turo mini bayanan shiga shafin ta waya, kada ka rubuta su a zauren 'yan ajinmu yadda ka yi da lambar asusunka bara. Zan rage hotunan in gyara taken a ƙarshen makon nan. Littafin tambayoyin kuwa naka ne, bayan mako biyu ka ɗauki hoton shafukansa ka turo. Ladana damanga ɗaya, lamba 23, ruwan ƙasa. Kaina bai ƙaru ba tun rabuwarmu, duk da abin da kake faɗa.

Ka gaishe da uwargida da yaran, ka shafa mini kan takwarana. Mai ɗakina tana gaishe ku, ta ce a tuna wa uwargida alkawarin atamfa.

Wassalam,
Naka har kullum,
abokinka na Kano