Sanarwa kan tattaunawar wannan mako: turken siraran bututu a ƙwayar yis

Assalamu alaikum ƴan'uwa ɗaliban nazarin halittu na nan Sakkwato. Ranar Asabar bayan sallar La'asar za mu tattauna yadda ƙwayar yis ke kafe siraran bututun da ke jan kuromosom (zaren da ke ɗauke da gadon halitta) lokacin da take rabuwa biyu.

Abin da nake roƙon kowa ya lura da shi shi ne, fatar cibiyar ƙwayar yis (wurin da kuromosom ke zama a ciki) ba ta wargajewa yayin rabuwa, saboda haka turken da ke riƙe bututun a jikin fatar kanta yake dashe. Furotin gama-tubulin ne ke kama gindin kowane bututu, furotin Spc110 na ɗaure gama-tubulin ɗin a jikin turken ta cikin cibiyar, furotin Spc72 kuma ta wajenta. A yis ɗin burodi, kowane kuromosom cikin 16 bututu ɗaya tak ke riƙe shi, don haka idan ɗaurin ya kwance, rabon gadon halitta ya lalace. A ganina wannan ne sashen da ya fi cancantar lokacinmu.

Don Allah kowa ya zo da zanensa na hannu.