Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya: ina rabon tsofaffinmu a dokar inshora?

Mai girma Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ba zan ja ka da nisa ba.

Ni malamar firamare ce, kuma shekara uku ke nan ina jinyar mahaifiyata. Hawan jini ne ya kayar da ita wata asuba tana alwala. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ta koma sai wanda ya saba da ita ke ganewa. Tun daga ranar rabona da barcin awa huɗu a jere. Cikin dare nakan tashi in juya ta daga wannan gefe zuwa wancan, domin na ga abin da kwanciya wuri ɗaya ke yi wa fata. A watanninmu na farko babu wanda ya gaya mini haka. An sallame mu da takardar magani kawai, sai da gyambo ya fito mata a ƙugu, har zane na mannewa a jikinsa, sannan wata maƙwabciya tsohuwar nas ta nuna mini yadda ake sa matashi tsakanin gwiwoyi. Ranar na shiga banɗaki na yi kuka, don kada Inna ta gani.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022. Ka fi ni sanin abin da ke cikinta. Ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Najeriya, ta kuma kafa asusu na musamman domin masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, masu naƙasa, marasa galihu, da tsofaffi. Sunan tsofaffi yana nan a rubuce. To ina kuɗin nasu yake bi? A unguwarmu gidajen da ke da tsoho a kwance sun fi ƙarfin yatsun hannuna, kuma ban san ko ɗaya da asusun nan ya saya wa ƙwayar maganin hawan jini ba. Tsarin inshorar ma'aikata kuwa ya tsaya ne a kan ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwar da ta haife shi ba ta ciki, sai in zai biya mata daban. Da na je wani ofishi neman yadda zan yi mata rajista a rukunin tsofaffi, cewa aka yi gurbi ya cika, in dawo. Sau uku ina komawa.

Kuma wannan ba ita ce takarda ta farko ba. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Tun 2014 dokar lafiya ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko. Duk mun ji su a rediyo, mun ce madalla. Har yau babu wadda ta shigo soron gidanmu.

Bari in gaya maka yadda albashina ke tafiya. Kafin goma ga wata, famfas na manya da maganin hawan jini da na suga sun cinye fiye da rabi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu zuwa wurin gashin ƙashi ya gagare mu, ga shi sai an samu samari biyu sun ɗauko ta daga ɗaki zuwa bakin titi. Daga gashi sau biyu a mako muka koma sau ɗaya a wata, yanzu mun daina. Yatsunta sun dunƙule, da ƙyar nake buɗe su in wanke tafin hannun. Ni da ke da albashi ke nan. Ka dubi wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko matar da ke sayar da ƙosai, ko yarinyar da aka cire daga makaranta don ta zauna da kaka. A gidajenmu jinya a kan mace take faɗawa, 'ya ko suruka, kuma ita ba mai tambayar lafiyarta. Bayana ya daɗe yana ciwo saboda ɗagawa, ban taɓa yankar kati a kansa ba.

Kada a ce muna gudun iyayenmu. An hore mu kada mu ce musu uffan, kuma ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan kai Inna gidan ajiye tsofaffi ba. Amma kalmar "ai mu a al'adarmu 'ya'ya ke riƙe iyaye" ta zama mafaka ga hukuma. Riƙon muna yi. Magani ne ba mu iya haɗawa, aikin nas kuma ba a koya mana ba.

Ranka ya daɗe, kai ba baƙon wannan aiki ba ne. Ka shugabanci hukumar lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011. A zamaninka aka fara tura ungozoma karkara a 2009, kuma kai ka jawo sarakunan Arewa cikin yaƙi da shan inna. Mun ga ma'aikata da akwatin rigakafi suna bin gida gida, suna rubutu da alli a jikin bango, har aka tabbatar a 2020 cewa an kawar da cutar. Ƙafar da ta kai ga jariri a ƙuryar ɗaki za ta iya kaiwa ga kakarsa da ke kwance a ɗakin kusa. Don Allah, don Annabi, ka sa a yi hakan. Ma'aikaciyar lafiya ta leƙo ko sau ɗaya a wata, ta gwada jini da suga, ta duba baya da ƙugu, ta nuna wa mai jinya yadda ake ɗagawa da yadda ake ba da kunu ba tare da ya sarƙe mara lafiya ba.

Sannan a fito a faɗa mana, jiha jiha, tsofaffi nawa asusun masu rauni ya yi wa rajista, da inda mutum zai je a rubuta sunan mahaifinsa. A buɗe wa ma'aikaci hanya mai sauƙi ya sa iyayensa a inshorarsa. Akwai kuma maganar likitocin tsofaffi, tunda tun 2012 asibitin koyarwa na Ibadan ke da cibiyarsu, mu ma muna buƙata kusa da mu. Ga masu gigin tsufa da ake kullewa a ɗaki ana cewa aljanu ne. Waɗannan sai wata wasiƙar.

Maganin Inna na wannan watan saura na kwana shida. Ranar Litinin zan sake komawa ofishin nan da katinta da hotonta, karo na huɗu.

Wassalam.

Wata mai jinyar mahaifiyarta