Zuwa ga ɗana da ke karatu a jami'ar Ngaundere da ke Dang

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mu nan Garwa lafiya lau, mamarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Magana ta iso gida. An ce ana ganinka a rumfar cacar ƙwallo kusa da jami'a, kai da wasu samari, kowa da tikitinsa a hannu. Kada ka tambayi wanda ya faɗa. Ruwa ba ya tsami banza, tun watan jiya kuɗin abincinka yake ƙarewa kafin lokaci.

Na san za ka ce ai sefa 500 ce kawai. To, zauna ka lissafa. Kullum 500, a wata 15,000 ke nan. Kwana 100 ka kai 50,000, kuɗin rajistar shekara guda cif, wanda mamarka ta kwashi adashinta ta biya. Tikitin nan da kuke haɗa wasa goma a ciki kuwa, a ce ka san ƙwallo har kana cin bakwai cikin goma a kowane wasa, damar duka goman su zo daidai ba ta kai uku cikin ɗari ba. Ninka da kanka ka gani. Shi ya sa kullum kukan ɗan caca ɗaya ne, wai wasa guda ne ya ɓata masa. Da ma haka aka tsara abin. Ranar da ka ci ita ce ma na fi tsoro, don daga nan 500 take zama 2,000. Ka faɗi, ka ranta don ka maido, ka sake faɗuwa. Sai waya ta tafi jingina, kuɗin ɗaki ya bi, ƙarya ga iyaye ta biyo baya. Ka san yadda ta ƙare da ɗan kawunka, ba sai na maimaita ba.

Abokanka za su ce babu ayar da ta hana, har su kawo maka ƙuri'ar Ayyukan Manzanni 1:26. Manzanni nufin Allah suke nema a kan wanda zai maye gurbin Yahuza, ba aljihun kowa ba. Ƙuri'ar da aka jefa don cin kayan wani ita ce ta sojoji a gindin gicciye, a kan rigar Ubangiji. Buɗe Yohanna 19:24, ka duba cikin waɗanne mutane kake tsaye. Karin Magana 13:11 ta nuna dukiyar gaggawa lalacewa take yi, mai tarawa kaɗan-kaɗan ne yake ƙaruwa, 22:7 kuma ta kira mai cin bashi bawan mai ba da shi. In kuwa gaskiya ne har addu'a ake yi a kan tikiti, wannan kama sunan Allah ne a banza. Ba don haka muka kai ka baftisma ba!

Ga abin da za ka yi. Yau ɗin nan ka goge manhajar cacar daga wayarka. Ranar da saƙon kuɗi ya shigo, kada ya kwana a waya, don kuɗin waya ba ya ciwon fita. Ka cire shi duka, ka ware zakka da baiko, ka biya mai ɗaki ka karɓi rasit, ka sayi garin masara, shinkafa, wake da mai na wata guda. Sauran ka raba kashi huɗu, kowane mako da nasa, ka rubuta duk abin da ya fita a littafi. Karin Magana tana da sura 31, ka riƙa karanta surar da ta dace da kwanan wata kafin ka taɓa waya da safe. Daren Asabar da na Lahadi, lokacin manyan wasanni, kada a same ka wurin kallo tare da masu tikiti. Ka je wurin fastonku a can Ngaundere ka gaya masa da bakinka, ya riƙa tambayarka.

Wataƙila kana ganin na matse maka hannu. Abin da auduga ta bayar shi nake rabawa, ba kai kaɗai ba ne a makaranta.

In akwai bashi a kanka, faɗa mini nawa ne, da wanda yake binka, kada ka rage ko dala. Zan yi faɗa, amma tare za mu biya, kai ɗana ne. Mamarka ba ta ji ba tukuna, na fi so ta ji daga gare ka. Ka kira mu ranar Lahadi bayan sujada.

Ni ne,
Babanka