Tsuntsu da malam-buɗe-littafi: ciyawa ce ransu

Ya Edita,

Muna roƙon fili don jan hankalin manoman fadamarmu kan halittu biyu da ke fuskantar ƙarewa.

Ta farko ƙaramin tsuntsu ne mai waƙa da Turawa ke kira akwatik wobla, nauyinsa kusan giram 12 ne. Yana yin sheƙa a dausayin Belarus, Foland da Yukren, cikin gajeriyar ciyawa mai ruwa iya idon sawu. Idan sanyi ya shigo can, sai ya tsallako Sahara. Sai a 2007 aka gano inda yake sauka, wato fadamar Djoudj a Senegal. A Turai an janye ruwan dausayin an mai da shi gona. A bakin kogin Senegal kuma, bayan gina madatsar Diama a 1986, kachala ta mamaye wurare da dama, shi kuwa ba ya son duhuwa irin wannan.

Ta biyu malam-buɗe-littafin Amurka ne mai suna monak, mai tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa dazukan tsaunin Meksiko. Tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen dangin tumfafiya. Da maganin kashe ciyawa ya share wannan tsiro daga gonakin masara da waken suya, uwar ta rasa inda za ta saka ƙwai. Dajin da garken monak suka lulluɓe a Meksiko ya kai hekta 18 a 1996. A 2013 ko hekta ɗaya bai cika ba.

A ganinmu tsuntsun ya fi shiga haɗari. Macen monak tana saka ƙwai ɗaruruwa, kuma ana samun zuriya kusan huɗu a shekara, don haka shekara ɗaya mai kyau tana iya farfaɗo da su. Tsuntsuwar kuwa ƙwai huɗu ko biyar take yi, ita kaɗai ke ciyar da 'ya'yan, kuma dausayin da ya bushe ba ya dawowa da wuri.

Mu nan Kebbi muna da ɗan'uwan monak, mai fiffike ruwan goro da baƙin gefe. A juya ganyen tumfafiya, za a ga tsutsarsa mai zanen fari, baƙi da rawaya. A kula dai da ruwan tsiron, yana cutar da ido. Namu bai shiga haɗari ba tukuna, amma feshin da ake yi har kan iyakar gona hanyar shiga haɗarin ke nan.

Shawararmu: a bar taku uku zuwa biyar a gefen gona ba feshi. A yi feshi da sassafe kafin iska ta tashi, domin iska ce ke kai maganin inda ba a nufa ba. A fadamar Argungu da Birnin Kebbi, kada a cinna wa ciyawar bakin ruwa wuta daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da tsuntsayen ƙaura ke nan. Idan kachala ta yi yawa, a yanke ta ƙasa da saman ruwa don ta ruɓe.

Wasu malaman gona,
Argungu, Jihar Kebbi