Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jihar Tawa kan tallafa ma ginin ƙasa

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, Allah shi taya riƙo.

Maganar gidajen da muke ginawa a nan Adar ce ta sa na rubuto maka. Yanzu duk wanda ya samu ɗan abin hannu, ko ɗansa ya aiko da kuɗi daga Abijan, sai bulon siminti da rufin kwano, a yi fenti kowa na barka, amma bari bazara ta kama ka ga ɗakin ba ya shiguwa, tun hantsi kwano ya ɗau wuta, da dare kuma bango na maido zafin da ya sha yini guda, iyali duk sun yo waje da tabarmi har da mai jego. Mai hali shi sa na'urar sanyi, to wutar fa? Kowa ya tuna halin da anka shiga a 2023 da Najeriya ta yanke muna lantarki.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin yana hannunmu. Masallacin garin Yama, nan cikin jiharmu, da magini Falke Barmu ya gina da laka ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A garin Dandaji na jiharmu, 2018, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun maida tsohon masallaci ɗakin karatu sun gina sabo da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, kuma maginan yankin ne sunka yi aikin. Ga kuma gini marar katako da aka fara koyarwa a Nijar tun shekarun 1980, rufin duka tubali ne a lanƙwashe, ba azara ba kwano, giginya da goriba sun huta da gatari. Bango mai kauri yana jinkirta zafi, kafin shi ratsa ciki rana ta faɗi.

Na san za a ce ai ruwan 2024 gidajen laka ya fi rusawa. Gaskiya ne, kuma mun yi kuka. Amma a duba waɗanda sunka faɗi, da yawa a hanyar ruwa suke, ba tushen dutse, ba indararo na kirki, yaɓe ya shekara da shekaru ba a sabunta ba. Dutse kuwa Allah ya hore ma Adar, kuma ɗan siminti kaɗan na Malbaza cikin tubalin ya isa shi ƙara masa ƙwari, ba sai an zuba buhu ɗari ba.

Roƙona, ranka shi daɗe, gwamnati ta fara da kanta. Azuzuwan zana da sunka ci rayukan yara a gobarar Yamai da ta Maraɗi a 2021, a maye irinsu da wannan gini a jiharmu, mutane in sun ga ajin lakkwal da ɗakin shan magani an yi su da ƙasa sun tsaya da kyau za su daina cewa ginin talaka ne. A sa shi cikin makarantun koyon sana'a, tsofaffin magina su koyar tun suna da rai, wanda ya ƙware a ba shi takardar shaida. Kowace ƙaramar hukuma a aje injin matse tubali da ƙungiyar matasa za ta riƙa haya, kuma wanda ya zo neman izinin gini da wannan tsari a rage masa kuɗin takarda, a tura ma'aikaci shi duba masa tushe kafin bango shi tashi.

Allah shi ba ka ikon dubawa.

Ɗaya daga cikin talakawanka, daga birnin Tawa.